Kujerar Mai Jinya

Ba Gwaggo Nas aka kawo asibiti ba, yayarta aka kawo. Ita ta zo ne yadda ta saba zuwa, filas a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya, tabarma a hammata. Amma da likita ya gama duba Gwaggo Babba a zagayen safe, sai ya tsaya yana kallon matar da ke gyara zanen gado. Numfashinta ya ji. Ni ma da na kawo musu shayi ina tsaye a baya ina jinsa, sama-sama, alhali daga kujera kawai ta tashi.

"Mama, zauna," in ji likita.

"A'a likita, ni mai jinya ce."

"Na gani. Zauna dai."

Ya durƙusa ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta. Da ya ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba, kamar ƙullin burodin da ya ƙi tashi. A gidan burodi nake aiki, na san irin wannan ramin. Ya sa abin awo a ƙirjinta, ya sa a bayanta, ya daɗe yana saurare. Sannan ya juyo wurina, don ni kaɗai ce 'yar gida a tsaye.

"Zuciyarta ta gaji, ruwa ya taru a jikinta. Gado take buƙata, ƙafa a sama, ko bokitin nan kada ta sake ɗagawa. Idan aka bar ta ta huta za ta tashi. Idan ba a bari ba, babu abin da maganina zai yi mata."

Gwaggo Nas ta yi 'yar dariya ta jin kunya, ta ja zane ta rufe ƙafar, kamar an kama ta da laifi.

'Yan'uwan babana mata uku ne. Gwaggo Babba ce ta fari, mace mai jiki da murya, wadda idan ta yi dariya a tsakar gidanmu maƙwabta sun san ta zo. Ita ce yanzu kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Daga ita sai Baba, sai Gwaggo Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane zance ba. Sai auta, wadda muka taso muka ji ana kira Nas, ko da yake ba ta taɓa taka ƙofar makarantar aikin jinya ba. Mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, ba ta haihu ba, ta dawo gida ta yi jinyar kakarmu har Allah ya karɓi abinsa. Daga nan sunan ya bi ta, aikin ma ya bi ta. Wanda aka yi wa tiyata, wadda haihuwa ta zo wa da gardama, yaron da ya faɗo daga katanga, har surukan da ko sunansu ba ta riƙe ba, duk ita ce. Ni ma da aka yi mini aiki a ciki ina 'yar makaranta, fuskarta na fara gani da na farfaɗo.

Idan na tuna Gwaggo Babba, alewa nake tunawa, wadda take kwancewa daga bakin zane. Idan na tuna Gwaggo Malama, kunnena ne yake zafi. Ita kuwa Gwaggo Nas, tafin hannu mai sanyi a goshina, da warin sabulun asibiti. Ban taɓa ganinta ta yi ado ta zauna a taron dangi ba, don kullum akwai wani a kwance.

Na kira Baba a waya. Ya zo tare da Gwaggo Malama, muka tsaya a baranda.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Auta kuma? Ai Auta ba ta ciwo."

"Likitocin yanzu ke nan," in ji Gwaggo Malama. "Kowa suka gani sai sun samo masa cuta. Gajiya ce kawai."

"Baba, ya ce zuciya ce."

"To a kwantar da ita mana, wa ya hana?" Ya ɗan sosa ƙeya, ya leƙa ɗakin ta taga. "Gadon da ke kusa da na Yaya Babba kamar ba kowa a kai. A ba ta shi. Kada ta yi kaɗaici."

"Haka ya fi," in ji Gwaggo Malama. "Su riƙa ɗebe wa juna kewa."

Sistar da ke shugabantar ɗakin mata gajeruwa ce, mai tabarau rataye da zare a wuya. Ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Marasa lafiya biyu, masu jinya biyu. Su wa za su zauna?"

"Mu dangi ne masu yawa, Sista," in ji Baba. "Bi da bi za a yi."

Da gaske muna da yawa. Gwaggo Malama ta ce warin asibiti yana tayar mata da zuciya, ga kuma ciwon baya da kowa ya sani. Babbar 'yar Gwaggo Babba tana aure a wani gari, ta ce mijinta bai bari ba. Ƙaramar tana da tsohon ciki. Ɗanta namiji ya ce da ana barin maza su zauna a ɗakin mata da shi ne zai tare a wurin, ya kuma faɗi haka wa duk wanda ya gamu da shi, fuskarsa a sake. Mamata ta ce ita matar ɗan'uwa ce, Gwaggo Babba ba ta taɓa son hannunta ba tun tana da lafiya, kuma wannan ba ƙarya ba ne. Ni ina fita aiki da asuba, ba na tashi sai la'asar, ga goyo, kuma ba a shiga ɗakin da jariri. Haka bi da bi ya ƙare a kaina ni kaɗai, daga la'asar zuwa magariba.

Tun ranar da aka kawo Gwaggo Babba, Gwaggo Nas ta sa mata cokali a hannun hagu, ta nuna mata ta riƙa buga ƙarfen gado idan tana son wani abu. Dabara ce mai kyau lokacin da mai dabarar take kan kujera. Yanzu tana kan gado, allura a hannu, amma cokalin bai san an canja ba.

Ranar da na fara zuwa bayan an kwantar da ita, a tsaye na same ta. Ta jawo ƙarfen da aka rataye mata magani har gefen gadon yayarta, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin wannan jiki mai nauyi tana turawa.

"Gwaggo, me kike yi haka?"

"Juya ta nake. Idan ta daɗe a gefe ɗaya bayanta zai yi gyambo."

"Ina ma'aikatan?"

"Su biyu ne a kan ɗaki guda, 'yata. Mutum nawa za su juya?"

Na karɓe ta, na ƙarasa juyin, na mayar da ita gadonta. Sai da ta daɗe kafin numfashinta ya dawo. Wata mata da ke jinyar uwarta a gadon bakin taga ta yafito ni da hannu.

"Ke 'yarta ce?"

"'Yar wanta ce."

"Tun safe take kaiwa da kawowa. Ita ta kai fo banɗaki, ita ta goge ta, ita ta ba ta ruwa. Na ce ta bari in yi, ta ce yayarta ba ta yarda da hannun bare. Ku ji tsoron Allah, baiwar Allah."

Na je na zare cokalin daga hannun Gwaggo Babba na jefa a jakata. Ta bi jakar da ido. Bakinta ya motsa, wani gurnani ya fito, hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta. Matar da muryarta ke cika gida, ga ta nan tana kuka a kan cokali.

"Mayar mata," in ji Gwaggo Nas daga gadonta.

"Gwaggo, shi ne yake tayar da ke."

"Shi ne bakinta. Mayar mata."

Na mayar.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Kumburin ƙafar Gwaggo Nas ya wuce gwiwa. Silifas ɗinta suka daina shiga, ta koma taka simintin ɗakin da ƙafa tsirara. Idan ta kwanta sosai numfashi yana sarƙe ta, don haka a zaune take barci, matashi biyu a baya, kunne ɗaya yana jiran ƙarfe. Leɓenta ya yi duhu. Abincin da nake kawo mata sai in tarar ta ba yayarta rabi, sauran yana rufe ta manta da shi.

Masu dubiya ba su yanke ba, kada a ce ban faɗi gaskiya ba. Gwaggo Malama takan zo da lemo a leda, ta tsaya daga ƙafar gado, hankici a hanci.

"Auta, kin ga yau kin fi kyan gani. Na ce gajiya ce." Sai ta karkata kai. "Ɗan duba zanen Yaya Babba, kamar ya jiƙe."

Baba kuma yakan zo bayan ya rufe shago, ya tsaya tsakanin gadajen biyu yana murmushi. "Auta jarumar gida. Ke ko a kwance kin fi goma a tsaye." Ita kuma ta yi murmushi, don tun tana yarinya yabon wanta yake yi mata daɗi.

Wata rana daga asibiti na wuce gidanmu kai tsaye. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, rediyo a gefe, ƙafa a miƙe.

"Baba, Gwaggo Nas ba ta hutawa. Jinya take yi a kan jinya."

Ya rage muryar rediyon kaɗan. "Ke yarinya ce, ba ki san Auta ba. Ita idan ba ta aiki ne take ciwo. Hana ta shi ne zai kwantar da ita."

"Ai ta riga ta kwanta, Baba."

"Kuma lada take samu. Za ki shiga tsakanin mutum da ladarsa?"

"To a nemo wata daga waje ta zauna da Gwaggo Babba."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Bare ta ga tsiraicin yayata muna da rai? Me mutane za su ce?"

Mamata tana daga kicin tana ji, ta ci gaba da wanke tukunya. Baba ya mayar da muryar rediyon yadda take. Na daɗe a tsaye ina jiran haushi ya zo mini, bai zo ba. Na goya ɗana na tafi gida.

Likita ne ya yi faɗan da na kasa yi. Ya zo zagaye ya samu Gwaggo Nas da roba cike da ruwa a hannu, an ce har a baranda an ji muryarsa. A ranar Sista ta sa aka ɗauke Gwaggo Nas aka kai ta wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, mai gado ɗaya da taga ɗaya, inda ƙarar cokali ba ta kaiwa.

A ɗakin nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Gwaggo Nas tana barci da rana, baki a ɗan buɗe, hannu a sake. Na zauna ina kallonta har ta farka. Na ɗebo ruwan ɗumi zan wanke mata ƙafa, ta yi ta janyewa.

"Bari, 'yata, zan yi da kaina."

"Ki miƙe kawai, Gwaggo."

"Sannu. Na ba ki wahala. Sannu."

Kowace ƙafa sai da ta ba ni haƙuri a kanta. Ba ta san inda za ta ajiye hannuwanta ba, ta ɗora a ciki, ta sauke, ta kama bakin zane. Can ta kwantar da kai ta zuba wa sama ido.

"Ashe haka silin ɗin yake," ta ce. "Shekara da shekaru ina shigowa ɗakunan nan, ban taɓa kallon sama ba."

"Ya yi kyau?"

"Yana son fenti."

Muka yi dariya, ta yi tari, ta sake dariya. Na tambaye ta me take so in kawo mata gobe. Ta kalle ni kamar ba ta ji ba. Tambayar ce ba ta saba da ita ba.

"Lemo," ta ce. "Amma ki ɓare mini, ki cire zaren."

Kumburin ya fara sauka. Fatar idon sawunta ta yi tamoji, likita ya danna ya ce madalla, haka yake so. Ya ce idan ta ci gaba a haka, ba da daɗewa ba za ta koma gida da ƙafarta. Ta ce mini idan ta koma za ta sa kujera a bakin ƙofa ta zauna tana kallon masu wucewa, duk wanda ya tambaye ta me take yi ta ce ba komai. Ta maimaita "ba komai" tana jin daɗin kalmar a bakinta.

A babban ɗaki kuwa al'amura sun dagule. Gwaggo Malama ta gwada zama rabin yini, ta zubar da shayi a wuyan yayarta, ta fita ta yi amai, ta ce ita ta yi iya yinta. Ma'aikatan suna juya Gwaggo Babba idan sun samu sarari. Ni nakan raba la'asar ɗina biyu, rabi can rabi nan. Amma ko ni idan na kai cokali bakinta sai ta datse haƙora, ta juya ido wajen gadon da babu kowa a kai.

Ina ɓare lemo Baba da Gwaggo Malama suka shigo ƙaramin ɗakin. Baba ya zauna a kujera, Gwaggo Malama a bakin gado. Suka yi ya jiki, suka yaba ɗakin, suka ce iska tana shigowa. Gwaggo Malama ta kalli taga.

"Yaya Babba ta ƙi cin abinci tun jiya."

"Bayanta ma ya fara ja," in ji Baba.

"Ba don ki tashi muka faɗa ba, Auta. Ki huta abinki, lafiyarki ce gaba. Mun ga dai bai kamata mu ɓoye miki ba."

"To don me kuka faɗa?" na ce.

"Manya na magana," in ji Baba, bai ko juyo ba.

Gwaggo Nas tana kallon ƙafafunta da ke kan matashi. Ɓarin lemo yana hannunta, ba ta kai baki ba.

"Ana jiƙa mata burodin a shayi?" ta ce. "Ba ta iya haɗiye shi a bushe."

"Ka ji ko, Yaya?" in ji Gwaggo Malama. "Wa ya san wannan in ba ita ba?"

"Auta ke nan," in ji Baba. Ya miƙe ya gyara hularsa. "Ki huta fa. Kada ki tashi."

Da suka fita na rufe ƙofar na durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, gobe zan roƙi a bar ni in tashi da wuri. Ni zan jiƙa burodin, ki nuna mini yadda ake yi. Ke dai kada ki sauko daga gadon nan."

"Na ji."

"Ki yi mini alkawari."

Ta ɗora tafin hannunta a goshina. Har yanzu da sanyinsa.

"'Yata, da ba su faɗa mini ba, da na kwanta abina. Yanzu na sani."

Washegari mai gidan burodi ya ce tanda ba ta san dubiya ba, ban samu fita ba sai lokacin da na saba. Na ajiye ɗana wurin Mama na wuce. A ƙaramin ɗaki gadon yana gyare tsaf, an ninke bargo. Robar magani tana rataye, bakin igiyar yana ɗiga a ƙasa. Na ajiye ledar lemo a kan gado na kama baranda. Tun daga nesa nake jin cokali yana bugun ƙarfe, ba da sauri ba, kamar mai bugun ya gaji.

Gwaggo Nas tana zaune a kujerar roba ta mai jinya, ta jingina kai da katifar yayarta. Kofi yana kan cinyarta, hannu biyu sun riƙe shi. Burodin da ke ciki ya narke, shayin ya yi yana a sama. Mutane suna wucewa ta gefenta, mai shara ya share har ƙarƙashin kujerar. Wa zai kula da mai jinyar da ke gyangyaɗi? Ɗakin cike yake da su.

"Barci ya ɗauke ta," in ji matar gadon taga, tana magana ƙasa-ƙasa. "Tun bayan azahar. Ta ba yayarta rabin kofi, ta ci kuwa. Na ce kowa ya bar ta ta ɗan huta, baiwar Allah."

Na taɓa hannunta. Na taɓa wuyanta. Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba. Na zare kofin daga yatsunta, na tsaya da shi ina neman inda zan ajiye, don saman akwatin gefen gado a cike yake. Gwaggo Babba tana ta buga ƙarfe, idonta a kan ƙanwarta, har sai da na riƙe mata hannu.

Sista ta zo ta duba, ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta. Ta ce sun je da allurar rana ba su same ta ba, sun zaci tana banɗaki, sai aka kawo wata a sume hankalinsu ya koma can. Aka jawo labule. Masu tura gado suka ɗauke ta daga kujerar suka kai ta ƙaramin ɗaki, suka kwantar da ita a gadon da likita ya ce ta zauna a kai.

Baba ya iso yana salati. Sista ta tare shi a baranda.

"Wa ya gaya mata yayarta ba ta cin abinci?"

"Babu wanda ya sa ta, Sista. Wallahi babu wanda ya sa ta. Cewa muka yi ta huta, kada ta tashi. Ga 'yata nan, a gabanta aka yi." Ya juyo gare ni, idonsa ja. "Ko ba haka muka ce ba?"

"Haka kuka ce, Baba."

Haka kuwa suka ce. A lokacin na tsaya na binciki duk abin da na sani na gidanmu, ban samu rana ɗaya da wani ya ce wa Gwaggo Nas tashi ki je ba. Ba a aikenta, ba a roƙonta. Zuwa ake yi a zauna kusa da ita, a gaishe ta, a ce wane yana kwance. Shi ke nan. Mai faɗa ya sauke nauyi, hannunsa fes, ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗauko filas.

Gidanmu bai taɓa cika irin na zaman gaisuwarta ba. Kusan duk wanda ya shigo ta taɓa riƙe masa kai yana amai. Wannan ya ɗaga riga ya nuna tabon tiyata, ya ce ba don ita ba da tuni an manta da shi. Waccan ta nuna yaro ta ce a hannunta ya fara numfashi. Ɗan Gwaggo Babba ya ce samun irinta sai an tona. Kowa ya yarda ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta tafi tana aikin lada, kofi a hannu. Baba ya ba da labarin kofin nan ga duk wanda ya zauna, har ya iya shi, ya san inda zai tsaya ya share ido. Babu wanda ya tambayi me ya sa mai ciwon zuciya take kan kujera. Gwaggo Malama ta fi kowa kuka, kuma ban ce na ƙarya ba ne.

Ni ina gefe a kan tabarma ina shayar da ɗana. Ana yi mini gaisuwa ina amsawa. Ban ji komai ba, kamar an yi wa cikina allurar kashe zafi.

Da yamma mutane suka ragu. Gwaggo Malama ta taso, hannu a ƙugu saboda bayanta, ta zauna kusa da ni. Ta shafa kan yaron ta ce ya yi girma, tubarkalla, ai ya isa yaye. Ta tambayi aikina, ta ce tsayuwa gaban tanda ba ta da kyau ga mace. Sai ta kalli bango.

"Yaya Babba tana can ita kaɗai. An ce tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba."

"Allah ya ba ta lafiya," na ce.

Ta jira. Na juya yaron zuwa ɗaya nonon. Ta ƙara jira, tana kallona kamar na amsa tambaya ba daidai ba a aji. Da ta ga babu ƙari, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

A lungu kusa da randa akwai 'yar ƙanin kakanmu, wata mai shiru-shiru da aurenta ya mutu bara ta dawo gidan ubanta, ba ɗa ba jika. Tun safe ita take wanke kofunan baƙi ba tare da an sa ta ba. Gwaggo Malama ta ratsa tsakar gida a hankali, ta zauna kusa da ita, ta gaishe ta. Daga inda nake ba na jin abin da take faɗa, bakinta kawai nake gani yana motsi, idonta a kan bango.

Matar ta ajiye kofin da ke hannunta, ta goge hannu a zane, ta fara neman takalminta.